Haggai, Tsohon Sojan da Ya Hana Ni Kare

Kafin in san Haggai an riga an cuce ni sau ɗaya, shi ya sa na je wurinsa ban yarda da kowa ba.

Gonata tana gindin dutse, bayan Rikoto. Tun da mijina ya rasu, birai suka mai da dawata tasu. Bara waccan rabin gonar suka kakkarya. Aka ce mini maganinsu karen Azbin, mai dogayen ƙafafu da siririn ciki, wanda biri ba ya tsere masa. Irinsa ba su da yawa a ƙasarmu. Na sayi kwikwiyo a kasuwa hannun wani mai zaƙin baki da ya rantse mini jinin Azbin ne. Na ce ina uwarsa, ya ce tana nesa. Kwana tara yana zawo, ya mutu a ɗaure gindin mangwarona.

Leah, matar ƙanena, ita ta yi mini kwatancen Haggai a Dirin Daji. Shekara ashirin da biyu ya yi a soja, yawancinsu can kan iyaka cikin makiyaya. Ya dawo gida da ɗingishi da karyar Azbin guda. Abokansa suka sayi babura, shi ya gina wa karya ɗaki. Har yau matarsa tana yi masa gori.

Ina zuwa na ce, "Baba Soja, kafin komai nuna mini uwar."

Bai ji haushi ba. Ya kai ni bayan gida. Ga ta kwance, doguwa, ba kaska ko ɗaya a kunnenta, 'ya'ya huɗu suna shan nono. Ya ɗauko katin allurarta na likitan dabbobi. Na karanta da kaina, don sakandare na gama, ba a yi mini rufa-ido da takarda.

"Uban fa? Ko ɗan'uwanta ne ka haɗa su?"

"Har Danko nake kai ta, rugar wani Abu mai namijin irinta. Kuma sai na tsallake shekara. Ba injin niƙa ba ce."

Na ce to, a ba ni macen cikin 'ya'yan yau. Ya ce ba a yaye su ba, sai bayan mako biyar. Nan na soma zargin yana jiran wanda zai fi ni tayi ne. Sai ga shi shi ma yana yi mini kallon tuhuma.

"Maman Sandra, an taɓa zuwa mini da labarin gona, daga baya na ji karena ya ƙare a tukunya. Sai na ga gidanki."

Ni, a shekaruna, a ce sai an binciki gidana saboda kare. Na taso ko sallama ban yi ba.

Ranar Asabar da hantsi sai ga shi a ƙofata da sandarsa. Ruwan da na kawo ma bai sha ba. Ya zagaya tsakar gida, ya tsaya gindin mangwaro, ya ɗaga igiyar da ke ɗaure a jiki.

"Nan na farkon ya mutu?"

"Nan ne. Mai ciwo aka sayar mini."

"Ciwon yana cikin ƙasar wurin nan har yanzu. Kuma irin nan ba a ɗaure shi, gudu ne rayuwarsa. Ba zan ba ki ba."

Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba. Ya saurara har na gama, ya yi ɗingishinsa ya tafi.

Kwana biyu ina huci. Na uku na je gona, na tarar da birai sun soma leƙen dawar da ko kai ba ta fitar ba. Na dawo na yanke igiyar, na kankare ƙasar wurin, na zuba toka, na yi rumfa can ɗaya gefen gidan. Na aiki Leah ta gaya masa, don ni ba zan roƙe shi ba.

Ya sake zuwa, ya duba, bai yabe ni ba. Da lokaci ya cika ya kawo mini 'yar kwikwiyar cikin kwali, an yi mata allurar farko, da sharaɗin in na gaji da ita, gidansa za ta koma, ba kasuwa ba.

Dawar shekarar nan birai sun ci rabonsu, don karyar tana ƙarama. Bana buhu goma sha ɗaya na ɗaure. Haggai kuwa duk wata sai ya biyo ya buɗe mata kunne ya duba, kamar ni ce abar zargi. Har yanzu ina jin haushin haka, amma ƙofar a buɗe nake bar masa.