Bugu Uku a Zauren Ba Modu

Jama'a, wannan abu a kaina ya faru, Allah ne shaidata, kuma ban ƙara masa komai ba.

Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Maiduguri nake zuwa daga Kano sayen fatu. Mai masaukina Ba Modu ne, wani dattijo Babarbare a unguwar Lamisula. Shekara goma sha ɗaya ina sauka a zaurensa, zaure mai farin rairayi da buzunsa a kusurwa, nan muke ci, nan muke hira da fatake, amma ban taɓa wuce ƙofar cikin gida ba, ban kuma taɓa jin muryar matarsa Ya Falmata ba. Girkinta kawai na sani. In baƙo ya zo, Ba Modu ba ya kira, sandarsa yake bugawa a ƙyauren ciki: biyu ruwa, uku abinci.

Wata rana muna cin burabusko ya ce, a gaban mutane, har yanzu ban iya zaɓen fata ba. Gaskiya ya faɗa, amma zuciya ta ɗebe ni, na tsame hannuna daga akushinsa na fita. Wanda ya san Barno ya san nauyin wannan. Shekara uku ina sauka a Umarari, ina kauce wa unguwarsa.

Ranar da na kasa daurewa, bayan la'asar, na je na yi sallama. Yana zaune a kan buzunsa kamar kullum.

"Lale da mutan Kano," ya ce. "Fushin ne ya ƙare, ko yunwa ce ta koro ka?"

Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Hannun da ka cire, ka mayar da shi. Shi ke nan."

Ya ɗauki sanda ya buga sau uku, ya ce bari ya sabunta alwala, ya shige ciki.

An jima sai aka turo akushi ta bakin ƙyaure, wata murya ta tambaya a hankali, wane ne a zauren. Na faɗi sunana. Sai ta ce, "Malam, mai gidan yau kwanansa tara da rasuwa, takaba nake yi. Amma na ji bugu uku, hannuna kuma ya saba."

Na dubi rairayin. A share yake, sawuna kaɗai ne a kai. Buzun yana naɗe a jikin bango.

Wallahi ban gudu ba. Na wanke hannu, na yi bisimilla, na cinye burabuskon nan ni kaɗai.

Har yau ban san wanda na durƙusa wa ba, ban kuma tambayi malamai ba. Abin da zan ce muku kawai, in akwai zauren da kuka ƙaurace wa, ku je ku yi sallama tun mai shi yana da sawu a ƙasa. Allah ya jiƙan Ba Modu.