Uwar 'Yar Fari a Akwati na Uku

Shekarar da na gama sakandare ban samu shiga kwalejin horon malamai ba, sai na dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure na zauna. Kullum aikin ke nan, yankan tumatir ana shanyawa a bayan gida, hannu na ƙaiƙayi, rai na ɓaci. Ana nan sai hedimastan firamarenmu ya aiko a kira ni. Wata Baturiya ce ta zo daga jami'a za ta yi bincike a kan 'yan firamare da iyayensu mata, tana neman mace mai jin Turanci, tunda namiji ba zai shiga gidajen mutane ba. Ta ce in aikin ya yi kyau za ta rubuta mini takardar shaida zuwa kwalejin. Ban tsaya jin sauran ba na ce na yarda.

Dokarta ɗaya ce: in karanta tambaya yadda take, ba ƙari, ba ragi, ba bayani. Abin da uwa ta faɗa, in duba akwatuna uku da aka zana a ƙasan takardar in sa alama a ɗaya: tana kula da karatun ɗanta sosai, tana kula kaɗan, ko ba ta kula. Ta ce an yi tambayoyin nan a wasu ƙasashe, kuma don awon ya zo daidai, ko'ina 'ya'yan fari kaɗai aka zaɓa.

Da jin 'ya'yan fari na san za a samu matsala. Amma ina son takardar shaidar nan, sai na karɓi tambayoyin muka fara shiga gidaje.

Gida na huɗu na gwaggona ne. Mun tarar tana shiƙar alkama. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, Baturiya ta kunna rikoda.

Na ce, "Gwaggo, wai ki faɗi sunan 'yarki ta fari da ajin da take."

Ta dube ni kamar na zage ta. "Ke, lafiyarki? Ni za ki tambaya?"

"Ba ni ba ce, takarda ce."

"To takardar ta je ta tambayi kakarta."

"Tana da ƙoƙari a makaranta?"

"Waccan? Oho. Ina na sani."

"Me kike fatan ta zama?"

Ta juya mana baya ta ɗauki faifanta. "Boko dai ya cinye miki kunya, 'yar nan. Sha ruwanki."

Ni kuwa na san gwaggo. Ita ta tsaya kai da fata aka sauke wa yarinyar tallan masara don kada ta riƙa fashin makaranta. Duk hutu sai ta ja ni bayan rumbu ta miƙo mini littattafai a ɓoye, ta ce, "Duba mini na waccan, jan biro ya yi yawa?"

Muna fita, a bakin kanal ɗin ruwan noman rani, na tare Baturiya. Na ce, "Madam, aikin nan ba daidai yake ba. A nan uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane. Kunya ce. Ni ma 'yar fari ce, ban taɓa jin sunana a bakin uwata ba. Mu tambayi kakanni, ko mu koma kan 'ya'ya na biyu."

Ta saurare ni, ba zan yi mata ƙarya ba. Har ta rubuta a ƙaramin littafinta. Sannan ta ce ba ita ta tsara ba, manyanta ne, kuma in aka canja a nan, ba za a iya kwatanta mu da kowa ba.

"Ki rubuta bayanin a gefen takarda," in ji ta.

"Gefen zai shiga sakamakon?"

Ta ce, "Lambobi kaɗai injin haɗa sakamakon yake karɓa."

Na so in faki idonta in sa alamar a akwati na farko. To ga kaset ɗin rikoda, kuma akwai mai sake saurara a jami'a. In aka kama ni, takardar shaidata ta tafi, na koma kan tumatir. Na tsaya da biro a hannu har Baturiya ta tambaye ni ko lafiya. Na sa wa gwaggona alama a akwati na uku: ba ta kula.

Haka muka bi gida gida har aka gama girbin alkama. Na cika gefen takardu da rubutu har ba wurin sa yatsa, na kuma san ba mai karantawa.

Takardar shaidar ta zo. A ciki an ce ni mai gaskiya ce, mai bin ƙa'ida. Kwaleji ta ɗauke ni.

Ranar tafiyata gwaggo ta zo da ƙullin dakuwa. Ta ja ni gefe ta ce, "Wai me kika rubuta a kaina ran nan?"

Na ce, "Abin da kika faɗa."

"Madalla," in ji ta. "Da kin sa na yabe ta a gaban baƙuwa, da ina zan sa kaina?"