Ranar da Na Ƙona Abincin Jakina

Tun da na auro ta matata take dafa sabulun toka, ni kuwa tun lokacin nake yi mata tsiya. In na dawo da amalanke daga bakin tafki na tarar da ita a bayan ɗaki tana juya baƙar tukunyarta, sai in ce, "Yau ma miyar aljanu ake yi? A ɗan sam mini." Ko kai ba ta ɗagawa. Ni da lakwal, makarantar boko, ta kore ni tun ban iya rubuta sunana ba, allo ma a ƙananan surori na tsaya, ban taɓa tambayar yadda toka da mai suke haɗuwa su zama abin wanka ba. Nawa dai in yi wanka in fito ina ƙyalli kamar wani alhaji.

Daga baya soda ta shigo ta Ɗan Issa, fara tas kamar gishiri. Mata suka huta: a jiƙa ta, a zuba mai, a juya, sabulu ya daskare, ba itace ba hayaƙi. Ita ma ta bi sahu. Tukunyar tatar toka ta koma wurin da kaza ke ƙwai.

Shekarar da matata ta kwanta ciwo, fatarta ta zama kamar takarda, kwanciya kuma ta ɓare mata baya. 'Yarmu ta dawo gida jinya. Kowace safiya in za a yi mata wanka nakan fita zaure in zauna, amma zauren gidanmu ba shi da nisa. Ba ta kuka. Sunan Allah take kira da wata 'yar murya da ban san ta da ita ba. Likita ya ce a bar sabulun soda. Muka sayo na kanti mai ƙamshi, shi ma ya ci ta. Aka koma ruwa zalla, ruwa kuwa ba ya ɗauke warin jinya. Sai ta ce kada a ƙara barin masu dubiya su shigo. Matar da ko suna ake yi a unguwa ita ake fara kira, ga ta kwance ita kaɗai, maƙwabta suna gaishe ta daga bakin ƙofa suna juyawa. Wannan ya fi ciwon cin ta, ni na sani.

Wata safiya ta ce, "Malam, da zan samu irin nawa na da. Shi ba ya cizo."

Na zaga garin nan, na tambaya har Safo, ba mai yi. Na dawo na ce mata, "Ke faɗa, ni in yi."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kai da ko ruwan zafi ba ka taɓa ɗorawa ba?"

"To mi ya rage mini in ji kunyarsa?"

Na nufi murhu zan kwashi toka, ta tsai da ni. Ta ce tokar yanzu ba toka ba ce, da leda ake hura wuta, ga roba ga tsumma. Tokar karan gero take so, zalla, ba ƙasa a ciki. Lokacin kuwa bazara ce, ruwa bai sauka ba, daji ya bushe ƙurmus, kara shi ne ran dabba. Abin da na tara a kan rumfa shi ne abincin jakina har damina, jakin nan kuwa shi ke ci da mu.

Sai na tafi wajen taubashina, ɗan ƙanen mahaifiyata, a wani ƙauye kusa da Gabi. Su gidansu ba su salla, al'adar kakanni suke bi, kuma shi manomi ne na gaske, kara gare shi har bisa itatuwa. Yana hango ni ya ce, "Ga bawana ya zo gaishe da ubangidansa. Ina goron?"

Na ce, "Goro na masu haƙora ne. Kara nika so."

"Jakin ya cinye naka?"

"Ƙonawa za ni yi."

Ya daina dariya. Na ba shi labari, ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke. Sannan ya ce, "Wanga ba ni iyawa. Mu abin da ƙasa ta ba da don baki, ba mu sa mishi wuta da hannunmu tun ruwa bai sauka ba. Haka muka taras." Na miƙe zan tafi, ya riƙe mini riga. "Zauna, sarkin gaggawa. Kai ai ba ka da wannan doka, ko taku ma ba ka cika ta ba. Tahi ka ƙone naka. Jakin ka kawo shi nan ya ci nawa har damina. Dama ya fi ka hankali, zan samu abokin hira."

Washegari na kai masa jakin na dawo a ƙasa. Na share wuri a tsakar gida har ya yi tauri, na sauke karan duka na tula, na sa wuta. Maƙwabta suka leƙo ta kan darni. Wani dattijo ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Awakina suna cin kwali, kai kana ƙona kara?" Na ci gaba da tura karan cikin wuta. Tulin da ya fi ni tsawo ya cinye kafin in gama share zufa. Da ya huce na tattara, tokar ba ta cika masaki ba. Na tsaya ina kallonta. Ashe duk shekarun nan abin da take dafawa ke nan.

Muka shimfiɗa mata tabarma a inuwar ƙofa, aka jingina ta da matasai, ta zama mai gida ni na zama yaronta. Na kori kaza, na wanke tukunya mai huji, na shimfiɗa ciyawa a gindinta, na zuba toka, na bi da ruwa. Ya riƙa ɗiga a kasko, ja kamar shayi.

"Taɓa a harshe," in ji ta.

Na taɓa, na tofar.

"Ya cije ka?"

"Kamar kunama."

"To ya yi. Da ma a ce tun da can ya ciji harshen nan."

Saura wuta, don sai an dafa ruwan tokar ya ƙone ya yi kauri kafin a zuba mai, itace kuwa a garin nan ya zama abin lallaɓawa. Na dubi rumfar da babu kome a kanta yanzu, na ciro dirkokinta na faskara. Ta ce in sa man gyaɗa ya fi yadda take sawa da, don ya yi sanyi a jiki, in juya hannu ɗaya, kada in tsaya. Tun hantsi nake juyawa har inuwa ta juya, hayaƙi ya cika mini ido, kafaɗa ta mutu. In na sassauta sai in ji, "Malam, ina ganinka."

Abin da ya fito bai daskare sosai ba, baƙi, mai danƙo, ba shi da kyan gani ko kaɗan. Aka bar shi ya kwana biyu ya huta. Sannan ta lakata da yatsa, ta jiƙa, ta shafa a cikin hannunta inda fata ta fi laushi, muka zauna muna jira ni da 'yarmu.

"Mummuna ne kamar mai shi," in ji ta. "A ɗora ruwa."

Na fita zaure. Na ji ƙarar kwano, na ji ruwa yana zuba, na kasa kunne ina jiran muryar nan. Ruwa dai nake ji, sai 'yarmu tana cewa, "Inna, ɗaga hannu."

Ba warkewa ta yi ba. Gero yana kai gwiwa Allah ya karɓi abarsa. Amma ranar wankan nan bayan azahar 'yarmu ta fito ta same ni, ta ce, "Baba, ta ce a ba ta zanenta mai shuɗi, kuma a gaya wa mata su shigo."

Ni na bi gida gida na faɗa. Kafin la'asar takalma sun cika bakin ƙofarta, har na rasa inda zan taka in wuce.