Kunyar Suruki Ta Kusa Kai Ni Gidan Yari

Edita, a wancan lokacin ni ne mai buga takardu a ofishin wani lauya a nan Haɗejiya, kuma ina ji da kaina sosai. Ni kaɗai na san lambar sirrin kwamfutar ofis, shi kansa maigidan nawa sai ya kira ni nake buɗe masa. Sabon aure ne da ni, ga ɗan rawar kai, ina ganin ba mahaluƙin da zai yi min wayo.

Muna da shari'ar wani dattijo daga Auyo a kan fadamar shinkafa da ya saya shekaru masu yawa. Idan ruwa ya sauka a wajenmu yakan share iyakoki, shi ya sa takardar cinikin ta ambaci wata giginya a matsayin iyaka. Maƙwabcinsa kuwa ya kafe cewa a tsamiya iyakar take, wanda hakan zai cinye fiye da rabin gonar. Asalin takardar ambaliya ta tafi da ita, hotonta da na taɓa ɗauka na ajiye a kwamfutarmu shi kaɗai ya rage.

Wata ranar kasuwa da hantsi, lauya yana kotu, sai ga ƙanin mahaifin matata ya yi sallama tare da wani mutum mai fara'a. Ya ce yana son duba sakamakon jarrabawar 'yarsa, wannan bawan Allah kuma ya san kan na'ura, zai duba masa. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe kwamfutar. To kun san al'adarmu, yaya za a yi in zauna ɗaki ɗaya da surukina muna haɗa ido? Sai na sulale waje da sunan zan sayo musu ruwan sanyi, na yi tsaye a gindin darbejiya har suka gama. Wallahi ko a jikina, har daɗi na ji na yi wa dangin matata abin kirki.

Bayan makonni na buga hoton takardar na kai kotu ba tare da na sake karantawa ba, tunda ina ganin na haddace ta. Ranar zama lauyanmu ya miƙe zai karanto, sai na ga ya yi turus. Takardar da muka shigar da hannunmu cewa ta yi tsamiya! Dattijon ya juyo ya dube ni, kuma har yau ban manta wannan kallon ba. Da muka koma ofis lauya ya tambaye ni nawa aka ba ni, ya kuma tuna min cewa jabun takarda laifin ɗauri ne. Na rantse har na gaji, amma wa zai yarda, alhali ni kaɗai ne mai lambar?

Don ruɗewa har na yi niyyar kai kwamfutar wajen masu gyara a goge komai, wai ko ciwo ne ya shige ta. Allah ya taimake ni lauya ya riga ni, ya kulle ta a durowa. Ya nemi kotu ta yarda a kira wani masanin binciken na'ura daga Kano. Mutumin ya ce kada kowa ya ƙara kunna ta, ya kwafi duk abin da ke cikinta a gaban shaidu, ya liƙe ta da hatimi. Ya gaya min da na goge ta, da na goge hujjata da hannuna, don kwamfuta tana rubuta abin da aka yi mata da lokacin da aka yi shi. Ya tambaye ni ko wani ya taɓa zama a gabanta. Nan ma kunya ta so ta rufe min baki, sai da matata ta ce in faɗa, ita ba ta ga amfanin kunyar da za ta bar ta da miji a kurkuku ba.

Binciken ya nuna an soka mata filashi, ɗan abin nan na ɗaukar bayanai, a wannan ranar kasuwar, an dasa wani abu da ke ba mutum damar shiga kwamfutar daga nesa. Masanin ya zaƙulo asalin hoton mai giginya da aka goge. Sannan ya faɗi rana da sa'ar da aka musanya shi. Da alƙali ya duba kundinsa sai ya ɗago kai, ya ce ai ranar ce kotu ta je ganin gonar, kuma ni ne na riƙe masa lema a cikin kwalekwale, na kusa tsunduma shi a ruwa. Ke nan a sa'ar ba na ko kusa da ofis. Aka yi dariya, ni kuwa hawaye nake yi. Alhamdu lillahi, ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba.

Ashe mutumin mai fara'a ɗan uwan maƙwabcin ne, shi kuma surukina yaudararsa aka yi, don sun san ba zan iya tsayawa a kansa ba. Dattijo ya ci gonarsa, da kaka ma har buhun shinkafa ya aiko min a babur.

'Yan uwana masu riƙe da amanar ofis, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Lambar sirri ba ta tsare komai idan kai ka buɗe ka ba da baya, kuma idan abu ya faru kada ku goge, ku kira masani. Ni kunya ce aka yi min tarko da ita. Kwanan baya surukin nan nawa ya sake zuwa neman a buga masa takarda. Na durƙusa na gaishe shi kamar kullum, sannan na ja kujera na zauna a gaban kwamfutar da kaina. Shi ne ya fita ya tsaya a gindin darbejiya.