Na Kai Kyaftin Rodirigo Ƙara Toranke

Gaya

Ana sallame Asuba na rufe shagon ɗinkina na haye babur ɗin Ɗanliti, baki har kunne. Wata uku ke nan ina ƙirƙiro labari ina tura shi ta waya da muryata: Kyaftin Rodirigo, mayaƙin Sifaniya da ya tsallaka teku ya ci ƙasashen mutane, ga ƙungiyoyin asiri biyu na zawarcinsa, 'Yan Zobe azzalumai da 'Yan Fitila masu kare talaka. Saura kashin ƙarshe, inda zan bayyana ɓangarensa. Sai Goggo Hajara, wadda ta raine ni, ta aiko daga Toranke: ta daina saurare, in zo. Ni kuwa in Goggo ba ta ji ba, wa nake yi wa?

"Ɗan Fitila ne, ko?" in ji Ɗanliti, muna tsallake rami.

"Kai dai kalli hanya!"

Ajingi

Da hantsi 'yan sintiri suka tare mu a shinge. Babbansu na jin muryata ya saki gorarsa.

"Kai ne mai Rodirigo? Wallahi in ka kashe shi, kada ka biyo ta nan!"

Shi ya saya mana ƙosai da kunu. Kaina ya kumbura, har ɗaga wa masu keken shanu hannu nake.

Toranke

Na tarar da Goggo tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na raɗa mata albishir: Rodirigo gwarzon 'Yan Fitila ne, takobinsa na gaskiya ne.

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sagiru, gonakin da ya ƙwace a farkon labari fa? Ya mayar?"

Na ce ai wannan ya wuce, Goggo.

Ta nuna bayan danga da haɓa, wajen gonar da wani mai hali ya karɓe bayan rasuwar mijinta. Dawa ta yi kyau a ciki.

"Shi ma wancan a sahun gaba yake sallah."

Dariyata ta ɗauke. Kunya ta kama ni sosai.

Gida

Muka zagaye Ajingi ta hanyar gona don gudun 'yan sintiri, Ɗanliti yana ta mita. La'asar ta yi mana a Gaya, alhamdu lillahi. Na gode wa Ɗanliti, na gode wa babban 'yan sintiri da ya saya mana ƙosai, ina roƙon ya yafe mini. A kashin ƙarshe dai Rodirigo ya sa zobe, manoma suka kore shi har bakin teku.

Washegari Goggo ta aiko da gyaɗa, da saƙo: a sake sa mata wurin korar.