Wayar da Ba Ta Kan Teburin Tela

Tela suke ce masa a ofis, alhali ko allura bai taɓa riƙewa ba. Aikinsa shi ne ya sa manhaja ta zauna daram a kan kowace na'ura, ta baje a kwamfuta, ta tsuke a waya. Wayoyi goma sha huɗu ne jere a teburinsa, manya da ƙanana, kowace da igiyar cajinta. Mutumin kirki ne wallahi, sai dai akwai cika baki. "Kawo mini ko agogon hannu ne, in auna masa riga," haka yake cewa.

Aikin da ya fi taƙama da shi manhajar wani asibitin ido ce, wadda ake kama layin tiyata da ita. Da likita ya ce yanar ido ta rufe wa mahaifiyarsa gani, kuma masu aikin sau ɗaya suke zuwa a shekara, har wani daɗi ya ji.

"Mama, ba sai kin je kin sha rana ba. Ki cika sunanki ki danna koren maɓallin. Aikin ɗanki ne."

Sati uku, duk kiran da ya yi sai ta ce, "Ana nan ana yi." Bai leƙa ta ba sai da aka rufe rajista. Ya duba, babu sunanta.

"Haba Mama! Danna abu ɗaya?"

Ta miƙo masa wayar. Haruffa ɓaro-ɓaro sun cika allon, sun ture koren maɓallin can ƙasa, shafin kuma ya ƙi motsi. Shi da hannunsa ya ƙara mata girman rubutun ranar da ya kawo mata wayar, don ba ta gani sosai. Wayoyin teburinsa kuwa dukkansu da ƙaramin rubutu ya gwada su, da lafiyayyun idanunsa. Manhajar masu ciwon ido fa!

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kai da ake yabo a wurin aiki, ni ce zan ce ɗinkinka bai yi ba? Na ɗauka idona ne."

Kunya ta rufe shi. Cikin minti goma ya gyara, ya nuna mata maɓallin. Ta kai wayar har hancinta.

"Ma sha Allah, ya yi kyau. Ka bar mini shi haka, kafin baɗi wataƙila ba zan gan shi ba."