Malam Ashiru Mai Jiran "Na Iso"

Duk wanda ya san Bungudu ya san tabarmar Malam Ashiru. Da ya dawo sallar asuba sai ya shimfiɗa ta a ƙofar gida, ya miƙe ƙafafu, ya ɗauko wayarsa mai tsagaggen gilashi ya kawo ta har bakin hanci. Da yatsa ɗaya yake rubutu, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Abin da yake rubutawa kuwa bai taɓa canzawa ba: sallama, ina kwananku, Allah Ya tsare mana hanya. Saƙon ya faɗa zauren 'yan sikawut na Gusau da Tsafe da Bungudu, wanda yara ke kira guruf, sannan ya sha kununsa, ya tayar da tsohon babur ɗinsa ya nufi makaranta.

Malamin sakandare ne, amma ba da alli aka san shi ba, da usur aka san shi. Tun gashin kansa na baƙi wuluk yake koya wa ɗiyan mutane ɗaurin igiya, da kafa tanti, da ɗaure karaya kafin a kai asibiti, da tare hanya ranar Idi don kada a tattake tsofaffi. Ya raba su rukuni-rukuni, kowane da sunan tsuntsu da shugabansa: Shaho a Gusau, Hankaka a Bungudu, Zalɓe a Tsafe.

A wancan zamani, wayyo, kada Allah Ya haɗa ka da shi rigarka a yamutse! Malam Guga yara ke ce masa a bayan ido. Ƙyallen wuya ya ɗan karkace, koma gida. Maɓalli ɗaya ya tsinke, koma gida. "Kaki mutunci ne," in ji shi, kuma dokarsa ce duk mai zuwa taro ya fito da cikakken kaki tun daga ƙofar gidan ubansa, don gari ya gani ya yi sha'awa. Da waya ta zo sai ya ƙara doka: a ɗauki hoto a tasha a turo guruf, in kuma an sauka a rubuto "na iso". Ranar tafiya Malam ba ya sa loma a baki sai na ƙarshe ya rubuto. Matarsa, Inna Hafiza, ta ɗumama tuwo har ta gaji da mita.

Shugaban rukunin Zalɓe yaro ne dogo mai yawan dariya, Mubarak, ɗan Inna Ladidi mai waina a bakin tashar Tsafe. Wata Asabar aka kira taron shugabannin rukuni a Gusau. Da hantsi hotonsa ya shigo guruf: kaki ya sha guga har yana sheƙi, ya sara wa kyamara, ga motar a bayansa. Ya rubuta, "Malam, na taso." Malam ya mayar masa, "Madalla, haka ake so."

Azahar ta yi. La'asar ta yi. Da yamma direban motar ya iso Gusau. Ya ce 'yan bindiga ne suka tare su, suka bi fasinja da kallo, idonsu ya tsaya a kan kakin. Suka ce ɗan sa-kai ne. Yaron ya ce wallahi shi ɗan makaranta ne, fasinja ma suka rantse masa. Aka bar kowa, aka shiga daji da shi kaɗai. Ba a kira an nemi komai ba, ba a kawo gawa ba. Har yau shiru.

Abin da Malam Ashiru ya yi bayan wannan shi ya sa ake wannan rubutu. Ya tara yara a filin makaranta, ya fito musu da doguwar riga ta gida, abin da ba su taɓa gani ba a ranar fareti. Ya ce daga yau babu mai hawa hanya da kaki. A naɗe shi a jaka, ko a bar shi a akwatin makaranta, sai an shiga cikin katanga a saka. Babu hoton tasha, babu faɗin ranar tafiya ko hanyar da za a bi. "Na iso" kaɗai ya bari. Ya ce, "Ni na ce ya saka. Ni na ce madalla. Ni ma na tuɓe nawa, ba ni ƙara saka shi sai ranar da kuka iya hawa hanyar Tsafe da naku."

Ai kuwa guruf ya kama da wuta. Tsofaffin ɗalibansa, waɗanda yanzu suka zama ma'aikata da 'yan kasuwa, suka yi caa. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Zaharaddeen, ma'aikacin gwamnati a Gusau, wanda a da ya riƙe rukunin Shaho. A gaskiya maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce sikawut ba kaki, me ya bambanta shi da 'yan kallo? Kakin nan shi ke jawo yara, shi ke sa iyaye su yarda. In muka tuɓe yau, gobe makarantar za a ce mu rufe. Da ya tsaya nan da an ce ya yi magana. Sai ya ƙara da cewa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, tsoho ya tsorata, ya kamata ya ba masu jini a jika wuri. Wasu suka bi shi da hotunan dariya.

Malam bai mayar da ko harafi ɗaya ba. Shi ne mai riƙe da zauren, da yatsa ɗaya zai iya fitar da mutum, amma bai taɓa fitar da kowa ba. Al'adarsa in an zage shi a waya sai ya tayar da babur. Washegari Zaharaddeen ya ji sallama a ƙofar gidansa a Sabon Gari, ya fito ya tarar da malaminsa yana kakkaɓe riga.

"Malam, da ka kira ni ai da na taho."

"A'a, ni ke da buƙata. Maganar da ka rubuta nake so ka faɗa mini, ga ni ga ka."

Zaharaddeen ya sunkuyar da kai.

"Ka gani?" in ji Malam. "Abin da baki ya ji kunyar faɗa, kada ka ba yatsa. Batun tsoro kuwa, ba ka yi ƙarya ba, ina jin tsoro ƙwarai. Ɗiyan mutane ne a hannuna, ba nawa ba. In kana da uwar da za ka iya kallo ka ce mata ɗanta ya tafi da kyan guga, taho mu je Tsafe ka fara da Inna Ladidi."

Zaharaddeen bai bi shi Tsafe ba, bai kuma sauka daga ra'ayinsa ba. Shekarun da suka biyo baya ba su yi wa Malam daɗi ba. Yara suka ragu, don abin da ya kawo wasunsu ke nan, a gan su a titi da ƙyallen wuya. Wasu iyaye suka janye nasu. A taruka ana gabatar da shugabanni cikin kaki da lambobin girma, shi yana gefe da rigar gida kamar wanda ya zo rakiya. Mutumin da ya fi kowa son kaki a ƙasar nan! Inna Hafiza ta ce duk Juma'a sai ya fito da nasa daga akwati ya goge, ya linke, ya mayar.

Akwai kuma batun lambar Mubarak. Tana nan a guruf, da hotonsa yana sarawa. Aka ce a cire ta, wa ya san hannun da wayar take? Malam ya ce shi ba ya korar yaron da bai yi laifi ba. "Ku yi rubutu kamar masu riƙe da shi suna karantawa, sai ku kama bakinku a kan hanya da lokaci. Ku kuma yi rubutu kamar shi yana karantawa, sai ku ji kunyar zagin juna." Wannan ita ce dukan dokar zaurensa. Ya hana turo hoton gawa, ya hana "an ce an ce". Duk mai labari ya faɗi wanda ya gani da idonsa, in babu ya yi shiru.

Ranar da aka karya wannan doka, an ga abin da ya sa aka kafa ta. Watanni bayan ɓatan yaron, da rana tsaka, wani ɗan rubutu ya bayyana a guruf cewa Mubarak ya fita daga zauren. Zaharaddeen, cikin murna ta tsakani da Allah, ya rubuta, "Allahu akbar! Yana raye! Shi ya taɓa wayar da hannunsa!" Kafin ka ce kwabo an ɗauki hoton maganar an watsa gari. Malam ya kira lambar ya ji ta a kashe. Ya garzaya wurin Kamilu mai gyaran waya. Kamilu ya duba ya girgiza kai, ya ce, "Malam, ba mutum ba ne. In layi ya daɗe ba a kunna ba, da kansa yake faɗuwa daga guruf."

Magana zarar bunu ce, ta riga shi isa Tsafe. Ya tarar Inna Ladidi ta tashi daga wurin waina ta koma gida, ta share ɗakin yaron ta shimfiɗa sabon zanen gado, ta ɗora tukunya, maƙwabta sun cika tsakar gida har an yi guɗa. Da ta hango shi ta taso da gudu, mayafi na faɗuwa.

"Malam, yana ina? Yaushe za ya iso?"

Waɗanda ke wurin sun ce ya durƙusa a gabanta, dattijo da furfurarsa, ya faɗa mata gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya ta janye itacen daga murhu ɗaya bayan ɗaya, ta yayyafa musu ruwa. Ta ce, "Da ba su faɗa mini ba, Malam. Na riga na fara sabawa." Ranar ya yi kuka a gaban mata, bai ɓoye ba.

Ko a nan bai rubuta sunan kowa a guruf ba. Zaharaddeen ne da kansa ya zo Bungudu ya zauna a gefen tabarma. Malam ya tura masa kwanon kunu.

Kai ne, Malam, ka yarda a ce maka matsoraci don kada wata uwa ta sake share ɗaki a banza. Kai ne ka tuɓe abin da ka fi so, ba wanda ya tilasta ka, ka tsaya a rana da rigar gida ana yi maka kallon wanda ya gaza. Garkuwar ɗiyan mutane! Tun daga ranar da ka kafa dokarka babu yaronka da aka sake saukewa daga mota, amma wannan ba abu ne da ake rataya wa lamba a ƙirji ba, don ba a ganin masifar da ba ta faru ba.

Bana ido ya gaza. Ko ya kawo wayar bakin hanci, rubutun ya zama hazo. Ya yi ritaya daga makaranta, ya kuma ce zai miƙa usur da zaure. Da aka tambaye shi wa zai ba, ya ce Zaharaddeen. Mutane suka yi mamaki. Ya ce, "Wanga ya san zafin yatsa, ba ya ƙara sake shi."

An yi bikin a cikin katangar makaranta a Bungudu. Zaharaddeen ya sauka daga motar Gusau da rigar gida, kakinsa a naɗe cikin jaka, sai da ya shiga aji ya saka. Har yanzu yana cewa wata rana sai an koma fita da kaki, Malam kuma yana cewa amin, ya fi kowa so. Yara suka yi fareti. A layin Zalɓe sun bar gurbin mutum ɗaya a gaba, kamar yadda suka saba. Aka roƙi Malam ya saka kakinsa ko na yinin nan kaɗai, ya ce alkawari bai cika ba tukuna.

Da yamma kowa ya kama hanya. Malam ya koma tabarmarsa, tuwo na rufe a gefe, Inna Hafiza na riƙe da wayar tana karanta masa.

"Hankaka sun ce sun iso."

"Alhamdu lillahi."

"Shaho sun iso. Zalɓe ma ga shi, sun iso Tsafe lafiya. To, kowa ya isa, Malam, buɗe kwanon."

Ya juya fuskarsa wajen hanya. Can ya ce, "Saura ɗaya." Sannan ya wanke hannu ya ɗan taɓa.

Mun gode, Malam Ashiru. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sanyaya zuciyarka da ta Inna Ladidi, Ya nuna maka ranar da za ka fito da kakin nan daga akwati ka saka shi ka hau hanyar Tsafe. Mu kuma da muke riƙe da ɗiyan mutane, ko muke riƙe da waya, mu ɗauki darasi: mu tauna kafin mu tura, kada mu rubuta wa mutum abin da ba za mu iya faɗa masa a ƙofar gidansa ba. Ku kuma yara, duk inda kuka je, in kun sauka ku rubuto. Akwai wani tsoho a Bungudu da bai ci abinci ba.